Ƙusa Bakwai a Takalmin Fu'ad

Rwang ba ya yarda da ƙasa sai ya taka ta da tafin ƙafarsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuƙa bas ɗin 'yan ƙwallon kwalejin Saint Aldric, kuma duk filin da muka sauka, ko ana sanyin da ke fasa leɓe, abin da yake fara yi bai canza ba. Zai zauna a bakin fili, ya cire takalmi, ya cire safa, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga. Zai bi filin daga wannan kai zuwa wancan yana danna diddige yana ɗagawa, kansa a sunkuye. Yaran sukan tsaya suna ɗaukarsa da waya suna dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Nakan leƙo ta taga in ce, "Manomin dankali, yau ma shuka za a yi?" Ko juyowa ba ya yi.

Manomin dankalin ne kuwa. A wani ƙauye kusa da Barkin Ladi aka haife shi, ubansa na noman dankalin Turawa da acca, kuma tun yana ƙarami aka koya masa ya ji damshin gona da ƙafa kafin a sa garma. Ya zo New York a shekarar 1998. Ya yi wankin kwanuka, ya yi gadi, daga baya ya samu aikin wankin rigunan 'yan wasa a kwalejin. Da tsohon mai kula da ɗakin kaya ya yi ritaya, aka miƙa masa makulli. Yana zaune a unguwar Tremont da ke Bronx, hawa na uku, shi da matarsa Susana. A bayan layinsu akwai wani ɗan lambu na unguwa, can yake da kunya huɗu na dankali, yana ji da su kamar 'ya'ya. Mutanensu na coci suna kiransa Da Rwang, wato Baba Rwang a yarensu. Ni Tsoho, ɗan Fagge, ban taɓa ba shi wannan girman ba, shi ma bai taɓa nema a wurina ba.

Ƙwallon da nake magana ba tamu ba ce ta ƙafa. Ta Amurka ce, wadda ake rungumewa a ƙirji a sheƙa da gudu, ƙatti goma sha ɗaya suna neman su kayar da kai kafin ka tsallake layin ƙarshe. Hulunan kwano, rigunan kafaɗa, takalma, duk a hannun Rwang suke. A ƙarƙashin kowane takalmi akwai ƙusa bakwai masu kauri da ake murɗawa da ƙaramar sifana. Akwai gajeru, akwai dogaye. Gajera tana sakin ƙasa da wuri, amma in akwai laka santsi zai kwashe mutum. Doguwa tana kama ƙasa sosai, sai dai wani lokaci in ta kama ba ta saki. Wannan ne dalilin tafiyarsa ba takalmi: ƙafarsa ce ke gaya masa wadda za a ɗaura ranar. Kuma ba ya barin kowa ya taɓa sifanar nan. Ya ce ƙusar da wani ya murɗa ba ya iya barci a kanta.

Akwai yaro ɗaya a ƙungiyar da ke jin Hausa, Fu'ad. Shekararsa ashirin da ɗaya, yana ajin ƙarshe, kuma shi ake miƙa wa ƙwallo in ana son gudu. Uwarsa Hajiya Rafia 'yar zangon Kumasi ce, tana zaune a unguwar Concourse Village, tana aikin kula da tsofaffi a gida ɗaya da Susana. Mijinta ya rasu da daɗewa, Fu'ad kaɗai gare ta. Bara jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke, aka yi masa aiki, ya yi wata goma yana koyon gudu daga farko. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in ta sake tsinkewa, ƙwallo ta ƙare, kuma wataƙila ya ɗingisa har tsufansa. Uwar ta ce ya bari. Yaron ya ce saura kakar wasa ɗaya.

Da ta rasa yadda za ta yi da shi, sai ta aika a kira Rwang. Ni na kai shi a motata, wata Lahadi a watan Agusta. Kafin mu gama zama ta kawo mana ruwa a kofin gilashi, ta tsaya a kanmu sai da muka sha. Sannan ta kamo hannun Fu'ad ta ɗora a kan na Rwang.

"Baba Rwang," ta ce, "ni wannan wasa ban san shi ba kwata-kwata. Abin da na sani, kai ne kake sa masa takalmi. Ga shi nan, amana ne. Yadda ya fita gidan nan da ƙafa biyu, haka za ka dawo mini da shi."

Rwang ya ce, "Maman Fu'ad, na karɓa. Abin da ke cin gwiwa irin nasa doguwar ƙusa ne. Muddin ni ne a ɗakin kaya, ba zai shiga takalminsa ba."

A mota na buɗe masa wuta. Na ce, me ya kai ka ɗaukar alkawari a kan gwiwar da ba taka ba? To tunda ka ɗauka, je ka gaya wa koci, ka gaya wa likitar ƙungiya, su rubuta a takarda. Ya girgiza kai. Ya ce matar nan ba ofis ta kira ba, shi ta kira. Magana ce ta gida, ba zai kwashe ta ya zube a gaban mutanen waje ba, su fara kallon yaron kamar fasasshen kwano. Na ji haushinsa ranar, har yau kuma ina ji.

Wata biyu ba abin da ya faru. Filinmu na ciyawar roba ne, yawancin filayen da muka je ma haka, maganar doguwar ƙusa ba ta taso ba. Fu'ad ya yi gudu kamar ba a taɓa yanka shi ba. Amma kowa ya san wasan ƙarshe yana nan yana jira, a Dunmere.

Dunmere tana arewa da birni, tafiyar awa biyu da rabi. Gaba tsakanin kwalejojin biyu ta girmi kocin kansa, ba wanda ya iya gaya mini asalinta. Shekara tara rabon da mu ci su a gidansu. Filinsu a cikin kwari yake, gefen wani rafi, ciyawa ce ta gaskiya, kuma mutanensu suna zuwa da ƙararrawar shanu suna kaɗawa har ba ka jin wanda ke kusa da kai. Duk makon nan koci ya sa aka kafa lasifika a wurin atisaye ana sakin ihu da ƙarar ƙararrawa, yaran suna koyon magana da hannu. Dabararsa ɗaya ce, ya kuma maimaita ta har ni direba na haddace: ba za mu yawaita jefa ƙwallo sama ba, za mu riƙe ta a ƙasa, mu yi ta turawa kaɗan-kaɗan, mu ci lokaci, har taron ya gaji ya yi shiru. Ma'anar wannan ita ce Fu'ad zai ɗauki ƙwallo sau talatin ko fiye.

Daga Talata zuwa Alhamis aka yi ta ruwa. Juma'a rana ta fito da iska mai sanyi. Ranar Asabar da safe, ina buɗe cikin bas don a loda kaya, sai na ga Rwang yana jan manyan akwatuna biyu da ban saba gani ba. Na tambaye shi mene ne. Ya ce takalman canji ne, na kowa da kowa. Kujerarsa tana bayana, kullum da ƙullin gyaɗarsa yana ɓarewa yana miƙo mini ta kan kafaɗa. Ranar har muka bar Bronx, muka bi gefen kogi muka yi nisa, ban ji ƙarar ɓawo ko ɗaya ba. Yaran ma kowa ya toshe kunne ya jingina da taga. Na tuƙa masu zuwa jana'iza da suka fi su surutu.

Mun isa ƙarfe goma. Filin ya yi kore shar, a bushe, gwanin kyau. Rwang ya cire takalmi ya shiga, ni kuwa na fasa tsokanar da na shirya. Yakan yi minti biyar, ranar ya kusa yin ashirin. Sau uku ya koma gefen da ke kusa da rafi, kusa da layin ƙarshe, yana danna diddige. Da ya fito ƙafafunsa baƙi ƙirin har idon sawu.

"Sama ya bushe," ya ce mini a hankali. "Ƙasa kunu ne."

Ya je ya gaya wa koci a ɗaura dogaye tun yanzu. Koci ya kalli ciyawar, ya taka ta da takalminsa, ya ce yaran sun saba da gajeru, a fara da su a gani. Rwang bai yi musu ba. Na ga ma kamar ya saki numfashi, na kuma san dalili.

Ba a yi minti goma da farawa ba saman ciyawar ya ɓare, laka ta fito. 'Yan Dunmere sun san filinsu, da dogayen ƙusoshinsu suka shigo. Namu kuwa sai zamewa. Sau biyu Fu'ad ya karɓi ƙwallo, ya zo juyawa, ya faɗi warwas ba wanda ya taɓa shi. Taron ya ɗauki sunansa yana rerawa da ƙararrawa, suna jan shi kamar ana kiran akuya. Rwang bai tsaya kallo ba. Ya ja ni muka koma ɗakin canza kaya, ya buɗe akwatunan, ya zauna a ƙasa. Ni ina riƙe takalmi, shi yana kwance gajeru yana murɗa dogaye, yana karanta lambar kowane yaro. Muna jin ihun taron ta bango, duk sanda ya tashi mun san an ci mu. Da ya zo kan lamba ashirin da biyu, lambar Fu'ad, ya ɗaga takalman ya dube su, ya mayar da su cikin akwati ya rufe.

Aka tafi hutun rabin lokaci suna da maki goma sha uku, muna da uku. Yaran suka shigo jikinsu duk taɓo. Koci ya shigo yana huci, ya ce kowa ya canza takalmi yanzu-yanzu. Sai ya tarar an jera su a gaban kujerar kowa. Ya dafa kafaɗar Rwang ya wuce can ƙurya da manyan 'yan wasansa. Fu'ad ya duba gaban kujerarsa, ba komai. Ya zo ya tsaya a kan Rwang.

"Baba, ina nawa?"

Rabon da in ji ya yi Hausa har na manta. Kullum da Turanci yake amsa mana.

"Naka yana ƙafarka," in ji Rwang.

"Baba, please. Ka ga yadda nake faɗuwa. Last game ɗina ne."

"Ka san abin da na gaya wa mamanka. Kana wurin."

Yaron ya durƙusa, da sulkensa da komai, ya kama gwiwar Rwang. Rwang ya kawar da kai. Na raɗa masa cewa ga likita can a bakin ƙofa, taku biyar ne, ya je ya gaya mata, ita za ta hana da bakinta. Ya ce, "In kai ƙarar ɗana wurin baƙi, a gaban abokansa?" Ya ci gaba da kallon bango.

Fu'ad ya miƙe. Ya ɗauki sifanar daga kan benci, ya ɗebi dogayen ƙusoshi a gwangwani, ya cire takalmansa ya zauna. Yatsunsa a naɗe suke da filasta, ga kuma sanyi. Ta farko ta shiga a karkace. Ta biyu ya murɗa ta rabi ya wuce ta uku. Rwang yana kallo ta gefen ido, na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Ya taɓa gaya mini cewa ƙusa mai girgiɗi ta fi kowace haɗari, don tana iya karyewa a tsakiyar gudu. Aka buga ƙofa aka ce saura minti huɗu.

"Kawo," in ji Rwang.

Na ce, "Rwang!"

"In dai za a ɗaura, ba za a ɗaura haka ba."

Ya karɓi takalmin hagu ya ɗora a cinya. Ya kwance karkatacciyar, ya goge ramin da babban yatsa, ya murɗa ta daidai. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su, bakwai, yana gwada kowace da yatsa. Ya yi na dama. Ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamar wannan ba. Ya durƙusa ya ɗaure wa yaron igiya da kansa. Ya ce, "In ka je gefen rafi, kada ka juya a ƙafar hagu. Ka tafi miƙe, ko za su kayar da kai." Fu'ad ya ce to, ya sa hula ya fita da gudu.

Abin da ya biyo baya har yanzu suna ba da labarinsa a kwalejin. Yaranmu suka tsaya da ƙafafunsu, suka fara turawa. Fu'ad ya karɓa ya ci taku huɗu, ya karɓa ya ci biyar, ya sake karɓa. Minti takwas ƙwallo tana hannunmu kafin muka tsallake layi. Goma sha uku da goma. Ƙararrawar ta fara raguwa, kamar yadda koci ya faɗa. Yaranmu na benci suna tsalle suna dukan bayan Rwang, shi kuwa idonsa na kan ƙafa ɗaya tak a duk filin. Duk sanda aka kayar da Fu'ad, sai na ji ya riƙe numfashi har yaron ya tashi.

A zangon ƙarshe aka juya, layin da za mu ci ya koma gefen rafi. Saura minti biyu muka kai taku shida daga layin. Filin ya yi tsit. Aka miƙa wa Fu'ad ƙwallo, ya nufi dama, wani ƙato ya tare hanya. Ta hagun ƙaton akwai kafa a buɗe, kowa ya gan ta. Na ji Rwang ya ce, "A'a." Fu'ad ya kafa ƙafar hagu ya juya.

Jikinsa ya juya, takalmin bai juya ba. Ya faɗi gaba, ya miƙa hannu, ƙwallon ta tsallake layi. Alƙali ya ɗaga hannuwa biyu. Bencinmu ya fashe da ihu, amma ni ihu ɗaya na ji a ciki, na yaron da ke kwance yana riƙe da gwiwa. Rwang ya riga likita isa wurin. Daga baya ya gaya mini sai da ya sa hannu biyu kafin ya zaro takalmin daga laka, kuma duk bakwai ɗin suna nan daram, ko ɗaya ba ta motsa ba.

Mun ci, goma sha bakwai da goma sha uku. A ɗakin canza kaya koci ya ɗaga ƙwallon wasan ya ce ta mutumin da ya karanta fili da ƙafarsa ce. Yaran suka ɗaga Rwang sama suna kiran sunansa. Likita ta ɗaure ƙafar Fu'ad da abin tallafi, ta ce sai Litinin za a ɗauki hoto, amma fuskarta ta riga ta faɗi sakamakon. A hanyar dawowa bas ɗin ya cika da waƙa. Fu'ad na kwance a kujerar baya, an ba shi magani. Rwang na bayana da ƙwallon a cinya. Da muka sauka ya tura ta ƙarƙashin kujera, can take har yau.

Likita ta ce za ta kira uwar a waya. Rwang ya ce a'a, shi ya ɗauko shi, shi zai mayar. Ana kiran magariba muka isa Concourse Village a motata. Fu'ad ya rataya hannu ɗaya a wuyan Rwang, ɗaya a sanda, muka hau. Hajiya Rafia ta buɗe ƙofa da carbi a hannu. Ta kalli fuskar ɗanta, ta sauke ido zuwa ƙafar, ta daɗe a can.

"Mama, mun yi winning," in ji Fu'ad.

Ba ta kula shi ba. Ta ce, "Baba Rwang, doguwar ne?"

"Ita ce."

"Mama, ni ne na ɗauki..."

Rwang ya katse shi. "Ni na ɗaura, Maman Fu'ad. Da hannuna. Duka bakwai."

Na so in yi bayani, in ce yaron ne ya fara, in ce da an bar shi da karkatacciya da abin ya fi haka. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta cire hannun ɗanta daga wuyan Rwang ta ɗora a nata, ta shigar da shi, ta tura ƙofa da ƙafa. Muka tsaya a bakin ƙofar muna jin ƙarar sandar tana nisa.

An sake yi wa Fu'ad aiki. Ya gama karatu, yana aiki a wani ofis a Manhattan, kuma in yana hawa matakalar jirgin ƙasa sai ya riƙe ƙarfe ya ja ƙafar. Bai taɓa ganin laifin Rwang ba, ya faɗa mini da bakinsa. Rwang yana nan a ɗakin kaya, yana cire takalmi a bakin kowane fili, yanzu ba mai dariya, ni ma na daina kiransa manomin dankali. Duk Lahadi in an tashi daga coci yakan bi ta Concourse Village, in lokacin tono ne da ledar dankalin lambunsa. Fu'ad ne ke buɗe ƙofa, ya ce, "Baba, shigo." Yakan shiga ya zauna a kujerar da ya zauna ranar farko. Hajiya Rafia tana amsa gaisuwarsa daga cikin ɗaki, da ladabi, tana tambayar Susana. Shekara biyu ke nan, har yanzu ba ta kawo masa ruwa ba.